An ɗauke ni mai awon fili a Kwali

"Oga, namu gona ne za ku yanka?"

Da wannan tambayar wata tsohuwa ta tare ni jiya da yamma a bayan Kwali. Na kafa kyamarata a kan sandarta mai ƙafa uku, rana ta faɗa bayan duwatsu ke nan, sai ga tsohuwar da itace a kafaɗa.

Ashe a wajensu, in baƙo ya zo daga cikin gari ya kafa abu mai ƙafa uku, awon fili ya kawo shi, bayansa kuma sai katafila.

Na ce, "Mama, wallahi sama nake ɗauka, ba ƙasa ba."

Ba ta yarda ba sai da na juyo mata da kyamarar. Ta sauke itacen, ta ƙura wa hoton ido. Jan gajimare ne ya kwanta a kan dutse, ga tauraro guda ya fara leƙowa.

Ta ce, "Ɗana, in ya zauna kan dutse haka, gobe ruwa ne. Bari in je in kwashe gyaɗa na."

Na yi dariya a raina. Yau da hantsi, ina Gwarinpa, aka tsuge da ruwa.

Shekara uku ina ɗaukar hoton samaniyar nan, launi kawai nake gani. Ku a garinku, da me dattawa suke gane ruwa na tafe?