Zacharie da Fitilar Ɗakin Sanyi

Zacharie mutumin duwatsun Poli ne. A makarantar mishan ya fara taɓa wayar lantarki, yana gyara rediyo, daga baya ya gangaro Garwa ya koyi aikin lantarki. A ƙarshen shekarun 1970 shi ke kula da ɗakin sanyi na wani ɗan kasuwa, inda mahauta ke ajiye nama. Su kuwa Zakari suke ce masa.

Ba a buɗe ɗakin sai da dalili, saboda zafin garin. Don haka aka sa koriyar fitila a saman ƙofa. In tana ci, sanyi ya kai. Mahauta kan ɗaga kai su dube ta, su wuce.

Na'urar da ke lura da sanyin abu biyu kawai ta sani, e da a'a, waɗanda masu sana'ar ke kira ɗaya da sifiri. A tsohon allonta na wayoyi, wuta volt biyar a kan waya ita ce e, rashin wuta kuma a'a. Wannan wayar ce ke kunna fitilar.

Da bazara allon ya ƙone, aka kawo sabo daga Duwala, ƙirar wani kamfani daban. Zacharie ya ɗaura shi da yamma, injin sanyi ya tashi, fitila ta kama. Halliru, wani dattijon mahauci, ya zuba naman da zai kai otal, aka kulle.

Da safe fitila a mace. Zacharie ya iske Halliru tsaye a ƙofa. In naman ya lalace, otal ya bar Halliru, shi ma Zacharie aikinsa ya tafi.

"Ɗan dutse, ka dafa mini nama ba gishiri," in ji Halliru, ba dariya.

"Baba, bari in auna."

Ya ɗora ma'auni a kan wayar, allura ba ta motsa ba. Amma inji na ta gurnani. Ya buɗe ƙofa, sanyi ya doke su a fuska. Halliru ya danna wata cinyar nama da yatsa, ya shinshina, ya fito ya zauna a benci ya yi hamdala a hankali.

Sai da rana Zacharie ya gane abin. Masu sabon allon sun zaɓi akasin tsohon: a wurinsu rashin wuta ne e. Duka hanyoyin biyu ana aiki da su, magana ce ta yarjejeniya. Jiya fitilar ta kama ne don ɗakin bai yi sanyi ba tukuna.

"To mu saba mana," in ji Halliru. "In ta mutu, lafiya ke nan."

"A'a, Baba. Ran da ɓera ya ci waya, ko ƙwan fitilar ya ƙone, nan ma mutuwa za ta yi. Ku wuce kuna murna, nama na ruɓewa. Gara duhu ya sa ku zo ku zage ni."

Ya liƙa ɗan transisto guda da ke juya saƙon, fitila ta koma ci kamar dā.

Zacharie ya daɗe a wurin, ya yi aure, ya gina gida kusa da kogi. Sau da yawa ƙwan ya ƙone, mahauta suka zo da faɗa, nama kuwa lafiya lau. Halliru kan aiko masa da hanta bayan kowane zagi.