Agogon Hannun Alwanka

Shekarun baya, kafin agogon nan mai ƙirga taku ya cika gari, yayana da ke Turai ya aiko wa mahaifiyata guda ɗaya. Baƙi ne, siriri, ba shi da wani kyan gani. Yana ƙirga tafiyar mutum, yana auna bugun zuciya, in ya ga abin da bai yi masa ba sai ya turo saƙo a waya. Da yake mahaifiyata ba ta riƙe babbar waya, sai aka haɗa shi da tawa. An naɗa ni 'yar sanda ke nan, kuma duk wanda ya san ni ya san an ba ni aikin da ya dace da ni. Ni mace ce mai zargi. In mai nama ya yi mini gyara da yawa, sai na sake shinshina naman. In yaron trotro, wato motar haya, ya cika yi mini fara'a, sai na laluba jakata.

Mahaifiyata alwanka ce. Ita take sa amarya a lalle, ta yi mata wankan biki, ta zauna da ita a ɗaki ta faɗa mata abubuwan da uwa ke jin nauyin faɗa. Tun kafin a haife ni take wannan aiki. Rabin matan layinmu hannunta ne ya wanke su, kuma daga unguwar Tafo har Oforikrom ake zuwa ɗaukarta da mota. Ban taɓa ganin tafin hannunta babu jan lalle ba.

Ranar da na ɗaura mata agogon, ta juya hannun ta kalle shi sama da ƙasa, ta ce, "Ni da na haife ku, yanzu roba ce za ta faɗa muku ko ina da rai?" Amma ta bar shi a hannu. Har ta riƙa nuna wa ƙawayenta a gidan biki, tana cewa ɗanta ya aiko mata da ɗan leƙen asiri.

Ya yi shekara biyu da wani abu yana aiki lafiya lau. Daga nan ya fara nuna gajiya. Cajin da yake kai mako ya koma ba ya wuce yini biyu. Ruwan alwala da ruwan wankan amare suka cinye igiyar, har sai da na kai shi unguwar Adum wajen wani mai gyaran waya ya canza mata wata. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne saƙon da ya shigo wata ranar Talata ina kan keken ɗinki a shagona: zuciyarta na gudu alhali ba ta motsi.

Ko takalmi ban sa daidai ba na kama hanyar gida. Na tarar da ita zaune a tsakar gida kan tabarma, tana tankaɗe garin lalle, rediyo na yi a gefenta.

"Mma, lafiya?"

"Ke zan tambaya. Wa ya biyo ki?"

Na nuna mata wayar. Ta yi dariya har da tafa cinya, ta ce abin nan ya tsufa ne, kuma lalle ya toshe masa ido. Ta juya mini bayan agogon, inda ɗan koren hasken yake, ai kuwa duk ya yi jajawur. Maganar ta shige ni. Na goge shi da bakin zanena, na mayar mata, na koma shago ina jin haushin robar da ta sa na yi gudu a titi kamar an ce kasuwa ta kama da wuta.

Saƙon bai daina zuwa ba. Yau ya zo, gobe shiru, jibi ya zo sau biyu. Ni kuwa sai na buɗe shagon zargi, kuma da yayana na fara. Na kira shi na ce ya faɗa mini tsakaninsa da Allah, sabo ya saya ko kwance ya tsinto mana? Ya rantse a kwalinsa ya saye shi. Ya ce irin waɗannan agogon dama ba na gado ba ne, shekara biyu zuwa uku batirin ya fara sanyi, wanda ya yi sa'a ya ɗan wuce haka. Na ce to, na ji, amma ban yarda ba.

Daga kansa na koma kan mai gyaran Adum. Na kwana biyu ina saƙawa a raina cewa ranar da ya canza igiya ya buɗe cikin agogon, ya kwashe kayan Turai ya zuba nasa. Na shiga trotro na same shi a ɗan akurkin shagonsa, na ajiye agogon a gabansa ba ko gaisuwar kirki. Mutumin Asante ne, amma ya daɗe da 'yan Zongo, yana jin Hausa irin tasa, mai gauraye da yarensu.

"Hajiya, ni bai buɗe shi ba koraa," in ji shi. "Wannan abu an liƙe shi da gam, in ka buɗe ya mutu. Batir ya gaji paa, shi ke nan. Ka sayi sabo."

Na ce, "To in batir ya gaji, sai ya riƙa yi wa zuciyar mutum ƙarya?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Wannan kam, Hajiya, sai dokita. Ni waya nake gyara."

A lokacin na ɗauka zillewa yake yi. Na ce a raina, wato so yake ya sayar mini da sabo. Don in ƙona masa rai, na tsallaka titi na sayi sabon a shagon da ke kallon nasa, na fito ina kaɗa ledar yadda zai gani. Allah Ya sani ko ya ma lura.

A daidai wannan lokaci ana shirin wani biki da ya fi kowane biki girma a wajen mahaifiyata. Amaryar 'yar aminiyarta ce, matar da suka taso tare tun suna tallan koko. Aminiyar ta rasu yarinyar tana ƙarama, kuma tana kan gadon ciwo ta riƙe hannun mahaifiyata ta ce ko ba ta nan, ita za ta wanke mata 'yarta. Mahaifiyata ta ɗauki alkawari. Shekara da shekaru tana ambatonsa, ga shi saura 'yan makonni. Ta riga ta aika an kawo mata lalle daga arewa, ta sayi sabuwar ƙwarya, ta ɓoye turaren da ba ta bari kowa ya taɓa.

Na kawo sabon agogo ina jiran a sa mini albarka. Sai ta ce, "Da kin bar kuɗinki."

Nan na fara jin wani iri. Mahaifiyata ba ta ƙin kyauta. Ko tsinken sakace ka ba ta, sai ta yi maka addu'a har ka gaji da cewa amin. Na dai ɗaura mata. Washegari na tarar da shi a bakin taga, wai ta cire za ta yi alwala ta manta. Wanda ya gabata ta shekara biyu tana alwala da shi bai dame ta ba. Rana ta gaba kuma wai yana sa ta ƙaiƙayi. Sannan na lura da wani abu: ta ƙunsa sabon lalle har wuyan hannu, daidai inda agogon ke zama, alhali makon nan babu biki a ko'ina.

Shi kuwa tsohon, rowa ta hana ni jefar da shi. Na ce ko lokaci ne ya riƙa nuna mini, sai na ɗaura shi a nawa hannun. Caji dai yana sha kamar ba gobe, amma ko sau ɗaya bai ce zuciyata ta yi wani abu ba. Na ce to, ai ni babu lalle. Sai na ɗebi lallen mahaifiyata a ɓoye, na kwaɓa a shago, na shafa a wuyan hannuna, na zauna ina ɗinki da hannu ɗaya a leda, masu kawo ɗinki suna tambayata ko ni ce amaryar. Da ya kama na wanke, na mayar da agogon a kai. Na jira yini, na jira kwana. Shiru.

Na zargi yayana, na zargi bawan Allah a Adum, na zargi wanda ya ƙera agogon a ƙasar da ban sani ba. Mutum ɗaya ce ban taɓa kawowa a raina ba, ga shi kuma kullum tare muke cin tuwo. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Da safe bayan ta sha koko, na jawo kujera na zauna a gabanta. Na ɗaura mata sabon agogon a ɗaya hannun, can sama inda lalle bai kai ba. Sannan na kama wuyan hannunta na ɗora yatsuna. Ni ba likita ba ce, amma na san ƙarar keke in bel ɗinsa ya saki: ya yi gudu, ya tsaya, ya fizga, ya sake gudu. Abin da na ji ke nan a ƙarƙashin yatsuna. Ba ta janye hannun ba. Ta kawar da kai tana kallon igiyar shanya.

"Mma, tun yaushe?"

Can ta ce, "Tun azumin da ya wuce. In na sunkuya ɗaukar bokiti sai in ga duhu."

"Kika ce mini lalle ne."

"To me zan ce miki? Na san halinki." Ta juyo ta dube ni. "Ki bari in wanke yarinyar nan. In na gama, ki kai ni duk inda kike so, ba zan yi musu ba. Babanki da ƙafarsa ya shiga asibiti, kin ga yadda aka fito da shi. In suka riƙe ni, wa zai tsaya mata? Ba ta da uwa."

Ban taɓa jin mahaifiyata ta roƙi wani abu a wajena ba sai ranar. Wayata na cikin jaka, na ji ta yi ƙara, ban ma duba ba. Na ce, "Mma, ki yafe mini, ba zan iya ba." Na fita na tare tasi.

Na sa ta a mota muka tafi. A asibiti suka manna mata wayoyi a ƙirji, likitan ya duba takardar da injin ya fitar, ya kira ni gefe. Ya ce bugun zuciyarta ya rikice, kuma irin wannan yakan kawo shanyewar ɓarin jiki ba tare da sallama ba. Ya ce sai sun riƙe ta sun daidaita magani, bayan haka kuma babu ɗaukar bokiti, babu doguwar tsayuwa, babu kwana uku a gidan biki. Na tambaye shi ko za ta iya fita yini ɗaya kawai ta dawo. Ya kalle ni, ya ce in ina son ta, in bar wannan maganar.

Ranar bikin tana kwance a gado, ni ina gefenta ina ɓare mata lemo. Bayan la'asar ta tambaye ni wa ya wanke amarya. Na faɗa mata, wata ce daga Tafo. Ta ce, "Waccan? Ruwanta zafi yake yi da yawa." Sai ta juya fuskarta bango. Na ga kafaɗarta na rawa, na yi kamar ban gani ba.

Ta warware, alhamdu lillahi, tana nan da ranta har yau, tana shan maganinta. Amma aikin bai dawo ba. Ba wanda ya kore ta, mutane ne kawai suka riƙa cewa kar a wahalar da Hajiya, a hankali motoci suka daina tsayawa a ƙofar gidanmu. Yanzu in an gayyace ta biki, kujera ake ba ta a gaba, a kawo mata abinci, ta zauna kamar baƙuwa.

In mutane suka ga agogo a hannuna sukan tambaye ni shekara nawa yake yi kafin a canza. Ina faɗa musu abin da na gani: shekara biyu, uku, caji zai fara gudu, igiya za ta tsinke. Amma ina ƙara musu da cewa tsufan batir daban, ƙarya daban. Kafin ka yanke cewa ya rikice, ɗaura shi a hannun wani ka gani, kuma ka kai mai shi asibiti ko yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Ban yi nadama ba, ko yau aka sake haka zan yi. Sai dai ba zan ce muku abin ba ya yi mini ciwo ba. Na daɗe ina son in ji daga bakinta, har wata rana ina yi mata tsifa na daure na ce, "Mma, kin yafe mini kuwa?"

Ta ce, "Tun tuni. Ke 'yata ce, abin da ya kamata kika yi." Na ci gaba da tsifa. Sannan ta ce, "Amma ranar da muka haɗu da uwar yarinyar nan a lahira, ke za ki yi mata bayani. Ni ba zan iya kallon idonta ba."