Shirwar Kufai a Ƙasar Gwiwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da abokina da ya jefa ni cikin wannan harka ta kallon tsuntsaye. Masu bibiyata sun san duk kaka, idan ruwa ya ɗauke, shirwa da shaho da danginsu sukan baro arewa su nausa kudu, mu kuwa sai mu nemi tudu mu tsaya muna ƙirga su. Ba mai biyanmu ko sisi. Matata ta ce a duk haukan da ta sani, wannan ne kaɗai sai an sayi fetur ake yin sa.

Rana na ɗagowa muka shiga Kazaure. Muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Mai ƙosan ta daɗe tana harar madubin hangen nesan da ke rataye a wuyana, sai da ta tabbatar mu ba masu karɓar haraji ba ne sannan ta yi mana gyara. Daga nan muka hau ɗaya daga cikin duwatsun garin muna haki. Da hantsi ya yi zafi, shirwa suka fara tashi suna kewaya sama kafin su miƙe kudu. Baki ba ya iya riƙe irin wannan lissafi, shi ya sa muke amfani da carbin zamani, wanda ake saƙalawa a yatsa ana latsawa. Duk tsuntsun da ya gifta, latsa ɗaya. Babban yatsana ya saba har ba ya jiran izinina.

A Babura ba mu samu abin kirki ba. Ƙasa shimfiɗe, dammunan gero jingine a gonaki, sama fayau. Sai muka huce a kan soyayyar fara, wadda mai sayarwar ta tsuga mana kuɗinta ta ɗora laifin a kan tashin kuɗin sefa, wai daga ƙetaren iyaka ake kawo ta. Muka koma Kazaure muka kwana.

Washegari a duwatsun Roni wani ɗan acaɓa ya ba mu labarin wani kufai a ƙasar Gwiwa, inda ya ce shirwa ke kwana idan suna wucewa. Ya yarda ya nuna mana hanya, amma ya ce shi daga nesa zai juya. Da muka tambayi dalili, sai ya ce babu komai, shi dai ba ya son wurin.

Mun isa bayan la'asar. Ban taɓa shiga wuri mai shiru irin wannan ba. Katangu sun narke sun koma tsibin ƙasa, gindin rumbuna na nan a jere, an toshe bakin rijiya da ƙaya. Ba carar zakara, ba ƙarar turmi. A bayan kufan akwai maƙabarta, kuma a nan kaɗai manyan itatuwa suka tsira, kuka da tsamiya da gawo, saboda ba mai saran ice a kan mamata.

Wani dattijo muka tarar a ciki, kekensa jingine da tsamiya, yana cike kaburburan da damina ta zaftare. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya ce nan aka haife shi, rijiya ce ta ƙafe mutane suka koma bakin titi. Iyayensa da matarsa da 'ya'yansa biyu duk suna nan kwance. Yanzu ba mai zuwa ziyara sai shi, sai kuma shirwar nan duk kaka, kuma ganinsu ne ke sa ya ji ba a manta da wurin ba.

Abokina ya yi masa bayanin abin da ya kawo mu. Dattijon ya ajiye fartanyarsa a hankali. Ya ce dā ungulu ne cike da itatuwan nan, wasu baƙi suka zo suka ƙirga su, tun daga shekarar suka yi ta raguwa har babu ko ɗaya. Garin ma sai da aka bi gida-gida aka ƙirga su sannan ya watse.

"Ku kalla iya son ranku, 'ya'yana," in ji shi. "Amma don Allah kada ku ƙirga mini su. Su kaɗai suka rage."

Ni na san abin da ya ƙarar da ungulu, guba ce da masu farautar kawunansu. Amma ba wurin musu ba ne. Muka ce, "To, Baba, mun yi alkawari." Abokina ya cire carbinsa ya jefa aljihu. Ni na sha'afa da nawa.

Rana ta yi ja sannan suka fara zuwa. Inuwarsu muka fara gani tana bin kan kaburbura, kafin mu ɗaga kai. Shirwa tsuntsuwa ce mai yawan kuka, amma waɗannan ko ɗaya ba ta yi ba. Suna saukowa jeri-jeri, sai ƙarar fiffike kamar ana kakkaɓe tabarma. Rassa suka yi baƙi ƙirin. Duk wadda ta sauka sai ta juyo da kai tana kallonmu. Na ji tsoro sosai, ba zan ɓoye muku ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, sai na ji hannu a kafaɗata. Dattijon ne, idonsa a kan yatsana, wanda ashe tun saukar ta farko yake latsawa. Na yi maza na dunƙule hannuna. Shi kuwa idanunsa suka cika da hawaye.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya ce. "Tun ɗazu nake ganin kana ja musu carbi. An yi shekaru wani bai nema wa mutanen nan gafara ba sai ni."

Na ce amin. Da ya juya, na duba ɗan gilashin carbin, na ga lambar, na yi maza na goge. Sannan na tsaya na yi wa mamatansa istigfarin da ya riga ya gode mini a kansa. Ya raka mu har bakin hanya yana tura kekensa, yana ta sa mana albarka.

A mota abokina ya tambaye ni nawa ne. Na ce ban gani ba. Ya dube ni, ya mai da idonsa kan hanyar Kazaure.

Yanzu na dawo gida lafiya. Lissafin Kazaure da na Roni na tura wa abokan harkarmu, na kufai kuwa babu, kuma masu tambayata sunan wurin ku yi haƙuri. Tafiyar nan ta koya mini cewa ba duk abin da ido ya gani ba ne nake da hakkin ƙirgawa. Har yanzu ban yarda ƙirga na kashe tsuntsu ba. Sai dai na goge lambar a carbi, a kaina ta ƙi goguwa. Dattijon ya ce in dawo baɗi mu kalle su tare, ni kuwa tsoro nake in je in tarar da shi zaune shi kaɗai a ƙarƙashin itatuwan, rassa wayam.