Kwat ɗin Baba a hannun masu bugu

Baba mushe ne, yadda muke kiran malamin lakwal, makarantar boko, a Ƙonni, kuma kwat ɗaya gare shi duk rayuwarsa: ta ulu, shuɗiya mai duhu, maɓalli uku. Shi ma ba sabuwa ya same ta ba, daraktan da ya koyar da shi ne ya ba shi ranar da ya fara aiki. Da gwiwar hannun ta lashe, baduku ya ɗora mata fatar akuya. Da shafin ciki ya yage, tela ya sa wani. Ruwa kuwa bai taɓa taɓa ta ba. Buroshi yake sa mata, ya rataye ta a inuwa ta sha iska, sannan ya cusa ganyen dogon yaro a aljihu saboda asu. Yakan ce rigar da za ka jefar baɗi ba taka ba ce, haya kake yi.

Lokacin ina ganin rowa ce kawai. Samarinmu suna tsallaka iyaka su sayo kwat ta roba mai ƙyalli, su yi Salla ɗaya da ita ta ɓare. A bola take ƙarewa, awaki su tauna su kumbura, in an cinna mata wuta unguwa ta kwana da tari. Duk da haka ita nake so, ido ba ya jin wa'azi.

Baba ya rasu ina da takardar gama makaranta, ba ni da aiki. Damina ta yi gardama, gonarmu ta Bazaga ba ta ba da abin kirki ba, tukunyar gidanmu ta koma hawa murhu sau ɗaya a yini. Na bi buro-buro, ofis bayan ofis, har takalmina ya buɗe baki. Sai wani abokin Baba ya aiko cewa mai motocin siminti a Malbaza yana neman magatakarda, in zo a gan ni, in zo da shiga ta mutunci. Ba ni da wata ƙofa bayan wannan, kuma kowa a gida ya sani.

Na ciro kwat ɗin na gwada. Ta zauna mini kamar don ni aka ɗinka. Inna ta kalle ni ta juya da sauri ta shiga ɗaki. Na rataye ta a inuwa yadda Baba yake yi, na fita neman wanda zai ɗauke ni zuwa Malbaza.

Da na dawo, igiyar shanya ba komai. Inna ta ce in kwantar da hankalina. A saninta, namijin da zai tsaya gaban manya ba ya zuwa da riga dushe-dushe. Ta kai wa masu bugun shadda kwat ɗin, ta biya su da waken iri da ta ɓoye. Suka yi mata abin da suke yi wa babbar riga: ruwan zafi, ƙaro, sannan suka shimfiɗa ta kan gungume suka yi ta lafta mata mabugi.

Na ruga, amma aikin gama ya gama. Ulu ya tsuke ya daskare kamar busasshiyar fata. Kafaɗun sun mutu, maɓalli biyu sun farfashe, hannun ya tsaya mini can sama da wuyan hannu. Na kai wa tela ina roƙonsa kamar mai roƙon rai. Ya juya ta, ya ce ana rage riga, ba a ƙara ta. Na zauna a ƙofar shagonsa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Tsoro ne ya cika ni, da haushin da ban san inda zan sauke shi ba.

A gida Inna tana jira, fuskarta cike da murna.

"Sanya mu gani, ɗana. Yau ka hito mutum."

Na buɗe baki, na tuna waken, na rufe. Na sa.

Haka na je Malbaza, ƙirji a ɗaure, hammata na ihu. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Mai motocin ya dubi takarduna, ya dubi hannuwana da suka zarce riga, ya tambaye ni ko aro na yi. Na ce gado ne. Ya yi wa Baba addu'a. Wani ya ɗauka aikin, saurayi cikin kwat ta roba sabuwa fil. Wataƙila ya fi ni lissafi, ban sani ba.

Na dawo a bayan motar siminti, fari fat da ƙura. Tun daga nesa na hango Inna a bakin zaure, ba ta ɗora tukunya ba, tana jiran labari. Ta karanta shi a tafiyata. Ta matso ta kakkaɓe mini kafaɗa, ta shafa ulun da ya mutu, ta daɗe tana dubansa.

"Halan bai bugu da kyau ba," in ji ta a hankali. "Laihina ne. Waken ne bai kai ba."