Sunan Da Juli Ya Ƙi Faɗa

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Juli, kuma har yau raina bai huce ba. Bafulatani ne makiyayi daga kwarin Tarka, ni kuwa mai masaukinsa ne a Belbeji. Ranar kasuwa a gidana yake sauka, ya sha fura, ya yi ta yi mini tsiya wai Bahaushe bai san saniya ba sai a tukunya.

Raƙuman wani attajiri ne suka ɓace, wani ya ce ya hangi mai kama da Juli a hanya. Iyakar shaidar ke nan. Aka kama shi, aka shiga da shi ɗakin bincike. Jami'ai suka tambaye shi inda yake ranar satar, ya ce yana rugar uban matarsa. Suka ce suna suke so. Juli ya sunkuyar da kai, ya ƙi faɗa. Tun da ya auri ɗiyar dattijon nan bai taɓa kama sunansa ba, balle a gaban hukuma, kuma a kan maganar sata. Ko yaron goye a nan ƙasarmu ta Damargu ya san wannan kunyar.

Su ba su sani ba, ba su kuma nemi sani ba. A wurinsu wanda ya kasa kallon ƙwayar idonka maƙaryaci ne, wanda ya ɓoye suna abokin satarsa yake karewa. Wai labarin zuciya a tambayi fuska. Na je bakin ƙofa na ce ni na san dattijon, a tambaye ni. Wani cikinsu ya ce, "Malam, kai ma kana son ka kwana a ciki?" Suna da mota, Tarka kuma ba Makka ba ce, amma mari ya fi musu sauƙi. Suka hana shi ruwa a tsakiyar bazara, suka yi ta dukansa, har ya ce shi ne. Ya ga gara a ce masa ɓarawo da a ce masa marar kunya. Da jikinsa ya rikice suka sallamo mini shi, a zaurena ya cika. Bayan damina aka kama raƙuman a hannun wasu can wajen Falanko. Ba wanda ya zo ya ce mana ko sannu.

Da Juli zai ga yau, me zai ce? Yanzu wanda ake tuhuma har hotonsa ake yawo da shi a waya, fuska a kumbure, yana amsa laifi tun alƙali bai gan shi ba, jama'a na ta yin tafi. Duka ba ya fitar da gaskiya, abin da mai dukan yake son ji kawai yake fitarwa. Ni dai ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Wanda bai san yadda mutanen gari ke jin kunya ba, da wane ilimi zai gane ƙaryarsu?

Garken Juli ya watse. Ƴaƴansa sun girma, amma har yanzu a bakin rijiya akwai masu ce musu jinin ɓarawo, don amsawarsa aka ji, wankewarsa ba a ji ba. Surukin nasa yana nan da rai, idonsa ya tafi. Bara na je gaishe shi, ya laluba ya riƙe hannuna ya ce, "Ai da ya faɗa musu. Sunan nawa, me na yi da shi tun daga ranar?"

Allah Ya jiƙan Juli, Ya bi masa hakkinsa.