Baƙon da Kawu Iro Ya Ƙi Saukewa

In kun ga dama ku ce sharri nake masa tunda ba ya nan balle ya kare kansa. Amma ga mutanen Kura nan da ransu, ku je ku tambaya: Kawu Iro ya riƙe babbar waya shekara shida, har ya koma ga Allah bai sauke manhaja ko ɗaya ba. Ni kuma, ɗan ƙanwarsa, gyaran waya nake yi a bakin kasuwa. Ku duba irin kunyar da na sha.

Duk tsiyar daga kalmar nan "saukewa" ta faro. Ranar da na ce, "Kawu, kawo in sauke maka manhajar farashin tumatir," sai ya cusa wayar a aljihu.

"Saukewa? Irin yadda ake sauke baƙo?"

"Kusan haka."

"A ina zai kwana?"

"Cikin wayar mana."

"Me zai ci?"

"Data, da ɗan caji."

"Yaushe zai tafi?"

"Ai zama yake yi, Kawu."

"Ka gani ko? Haba Sagiru, baƙon da ban san ubansa ba, ba shi da ranar tafiya, shi za ka ajiye min?"

Shafin intanet kaɗai ya yarda da shi. Wai shi wannan zuwa gaisuwa ne: ka je gidansu, ka ga abin da ya kai ka, ka sa takalminka ka dawo. Har sallama yake yi kafin ya danna. In shafin ya daɗe bai buɗe ba, sai ya ce, "Ba su tashi ba, mu jira a zaure."

Na taɓa nuna masa wata manhaja a tawa wayar, tana neman izinin ganin hotuna da lambobin mutane da inda kake tsaye. Ya kalle ni ya ce, "Lokacin da na je neman auren Ladi, ko ubanta bai yi min wannan binciken ba."

Inna Ladi matarsa ce, ta riga shi da shekara uku. Tun rasuwarta za ka hango shi a bakin kanal, hanyar ruwan noman rani, waya kange a kunne, yana dariya shi kaɗai, alhali ba wanda ya kira shi. Wayar kuma a cike take fam, ko hoton kaza ba za ta ƙara ɗauka ba. Na ce in sa masa memori in kwashe kayan ciki, ya ce, "Mutanen ciki ba sa son ƙaura." Ni kuwa na baza a kasuwa cewa Kawu aljanu yake kiwo a waya. Har masu keke suka riƙa tambayarsa ya iyalin ciki.

Dariyar ta ƙare a noman ranin bara. A da, ƙungiyar masu ban ruwa ta layin gonakinsu shafin intanet gare ta: ka shiga, ka zaɓi ranarka, a buɗe maka ruwa. Sai aka ɗauko wasu 'yan birni masu kwamfuta a jaka, suka rufe shafin, suka kawo ƙatuwar manhaja. Dole ka sauke ta a wayarka, da lambarka, da sim ɗinka a ciki. Na ce ya ba ni sim ɗin in sa a tawa, ya ce shi ba ya raba gida da ƙofarsa.

Ya taka da ƙafarsa har wurin mai buɗe ruwa.

"Baba, sunanka ba ya cikin manhaja."

"Gonata tana cikin manhajar?"

"A'a."

"Kanal ɗin fa?"

"A'a, Baba."

"To mu uku duk muna waje. Buɗe mana."

Bai buɗe ba, shi ma aikinsa yake tsoro. Eka guda ta tumatir, ya fara fure. Na bi Kawu har gona, na durƙusa, na ce, "Don Allah mu goge rabin abin da ke ciki, ta samu wuri." Ya dubi ganyen da ya fara lanƙwashewa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Tumatir ana sake shukawa." Cikin mako biyu gonar ta zama kamar an gasa ta. Kwando ko ɗaya bai ɗauka ba. Bai sake shukawa ba kuwa: da zafi ya shigo ya kwanta ciwo, kwana tara, shi ke nan.

Abin da ke ci min rai, wata biyu bayan nan manhajar ta mutu. Ƙananan wayoyi sun kasa ɗaukarta, kullum kuma sai ta ce a sabunta ta. Yanzu an koma shafi, irin sabon nan da za ka liƙa a fuskar waya, ya buɗe ko sabis ya ɗauke, ba ya cin wuri. Baƙo mai tafiya gidansu, daidai yadda yake so. Kullum ina liƙa wa manoma shi, ina jin kamar in jefa wayar a kanal.

Da aka ba ni wayarsa in duba, na ga aljanun. Rikodin ne jibge, duk muryar Inna Ladi. Ashe a da in tana masa faɗa sai ya danna rikoda, wai shaida yake tarawa. Faɗan gishiri, faɗan takalmi a kan tabarma, faɗan ya manta da sayo omo.

Allah Ya jiƙan su, Ya sauke su masauki guda, inda ruwa ba ya jiran sunan kowa.

Na danna na ƙarshe. Muryar Kawu ce ta fara: "Ladi, ki taƙaita, wayar ta kusa cika."

Ta ce, "To goge ni mana, in ka isa."