Muryar da Ke Cikin Oba-oba

Tun tana goye ake kiranta Tsohuwa, don sunan kakarta ta ci, kuma da sunan ta rayu har ta tsufa da gaske. A wani ƙauye kusa da Gozaki take, daddawa ce sana'arta, da kaka kuma ta shiga cirar auduga. Mace ce mai baki, ko mai unguwa ba ta raga masa. Mutum ɗaya ce a duniya take ɗaure mata harshe: Asma'u, 'yarta ta fari.

Kunyar ɗan fari a wurin Tsohuwa ba wasa ba ce. Ba ta taɓa faɗin sunan yarinyar ba, sai "waccan". Ana yaye ta gwaggonta ta tafi da ita Malumfashi, a can ta yi boko har ta zama ma'aikaciyar jinya. In ta zo gida gaisuwa, Tsohuwa ta amsa tana kallon bango, ta ce wai wuta na cin tuwonta, ta fice. Bayan ɗaki take zuwa ta tsaya, ranta kamar ya fita don son ganin 'yar nan.

A shekarar 1984 aka kawo gwaji ɗakin shan magani na ƙauyen. Rediyo ce mai magana biyu, wadda mutane suka sa wa oba-oba, ga batirin mota, ga eriya a kan doguwar gora. Malam Isyaku, mai ba da magani, zai faɗi ciwon mutum, likita a Malumfashi ya yanke magani, wata ma'aikaciya ta karanto ta ce "oba", wato ta gama magana. An ce in abin ya yi amfani za a bar shi, in bai yi ba a kwashe.

Ranar da Tsohuwa ta kai ciwon gwiwa ta ji muryar mai karantowar, sai da ta nemi benci ta zauna. Asma'u ce. Ga ta tana magana daki-daki, ba mai cewa uwar ta sunkuyar da kai, don ai akwati take kallo. Daga ranar Tsohuwa ta zama mai ciwo na dindindin. Yau baya, gobe jiri, jibi wani abu na yi mata yawo a ƙafa. Matar da ke ɗaukar dami ba ta nishi! Malam Isyaku ya gane, ya daina tambayarta, ya riƙa ba ta gefen benci kusa da rediyon.

Da damina ta wuce aka turo mai duba gwajin, wani Segun, haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya bi mutane yana tambaya, ya zo kan Tsohuwa.

"Inna, an ce kin fi kowa zuwa. Yaya kika ga aikin mai maganar nan? Tana da ƙoƙari?"

Ga mata cike da benci, duk sun san 'yar wace ce, sun zuba mata ido. Ina Tsohuwa za ta yabi 'yar fari a gaban jama'a? Ta taɓe baki ta ce, "Oho. Ni ban ga wani abin a zo a gani ba."

Segun ya rubuta ya wuce. Ba wanda ya gaya masa komai, shi ma bai tambaya ba. Ba maganarta kaɗai ta kashe gwajin ba, batiri ma yana yawan mutuwa, amma har Tsohuwa ta bar duniya ba ta yarda da haka ba.

Ranar da aka zo kwashe kayan, da hantsi, aka yi kira na ƙarshe. Asma'u ta yi wa Malam Isyaku sallama, ta ce an yi wa mijinta canji zuwa Jos, ita ma za ta bi shi. Sannan ta ce, "Ko akwai mai sauran magana a nan? Oba."

Malam Isyaku ya miƙa wa Tsohuwa abin maganar ya ce, "Inna, danna nan." Ya fita waje, wai zai duba gora.

Ta danna da hannu biyu. Ta ce, "Ke... kina dai cin abinci ko? Na ji muryarki ta rame." Ta tsaya tana jira, ta ƙanƙame abin, ba ta san sai an saki ake jin amsa ba. Ta ji shiru, ta ɗauka fushi ake yi da ita. Sai da Malam Isyaku ya leƙo ya ce, "Saki, Inna, saki mana," sannan ta saki. Abin da ya rage na maganar kaɗan ne: "...ni ma, Inna. Oba."

Aka nannaɗe waya, aka sa akwatin a mota.

Tsohuwa ta yi shekaru bayan haka tana daddawarta. Asma'u kan zo da Sallah, uwar ta amsa gaisuwa tana kallon bango kamar kullum, ba ta taɓa iya tambayarta abin da ta faɗa ba. Malam Isyaku take tsarewa in sun haɗu a kasuwa.

"Malam, kai da kake bakin ƙofa, ba ka ji farkon maganar ba?"

Ya ce, "Wallahi, Inna, ban ji ba."

Ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "To, ita ma me?"